Gogewa, Kishin Ƙasa da Kuɗin Yaƙi: Muhawarar Zaɓen 2015 a Ma'aunin Kasuwar Maiduguri

MAIDUGURI: A cikin zaɓuɓɓukan shugaban ƙasa guda uku da aka yi a Nijeriya daga 2015 zuwa 2023, babu wanda aka kammala yaƙin neman ƙuri'unsa ba tare da sunan Jihar Borno ya zama abin jifa tsakanin manyan jam'iyyu ba. Kowane karo gardamar takan tsaya a kan wane ɗan takara ya fi gogewa a sha'anin mulki, wane ne mai kishin ƙasa na gaskiya, wane ne kuma zai iya murƙushe tawayen da ya ɓarke a wannan birni cikin watan Yulin 2009. Akan taɓo zancen kuɗin da Gwamnatin Tarayya ke kashewa a kan yaƙin, amma galibi domin a muzanta abokin hamayya. Ba safai ake zama a bi diddigin ta wace ƙofa kuɗin ke fita, da kuma inda suke sauka ba. Ga 'yan kasuwar Maiduguri kuwa, wannan batu da ake tsallakewa shi ne ya fi kusa da aljihunsu, domin a kansa buɗewar hanya ko rufewarta ta dogara.

Zaɓen 2015, tsakanin Shugaba Goodluck Jonathan na jam'iyyar PDP da marigayi Janar Muhammadu Buhari na jam'iyyar APC, shi ne inda wannan gardama ta fi fitowa fili. Yau da takardu da shari'o'i da alƙaluman kasafi suka bayyana, ana iya auna abin da kowane ɓangare ya faɗa da abin da ya biyo baya.

Halin da kasuwa ke ciki

Maiduguri gari ne na fatauci, arzikinsa kuma ya rataya ne a kan hanyoyin da suka haɗa shi da ƙasashe uku. Akwai hanyar Dikwa zuwa Gamboru-Ngala, wadda ke tsallakawa Kamaru ta Fotokol ta nufi Njamena. Akwai ta Bama zuwa Banki mai shiga Marwa, da ta Gubio zuwa Damasak mai kaiwa Difa a Jamhuriyar Nijar, sa'an nan ta Monguno zuwa Baga a bakin Tafkin Chadi. Ta waɗannan hanyoyi ake fitar da sukari da fulawa da yadi da robobi da kayan gini, ta nan kuma shanu da bandar kifi da tattasai da wake da ƙiraga ke shigowa, su wuce Kano da Onica da Legas.

Daga watan Agustan 2014 zuwa Janairun 2015, garuruwan da ke riƙe da waɗannan hanyoyi suka faɗa hannun 'yan Boko Haram ɗaya bayan ɗaya: Gwoza da Gamboru-Ngala a Agusta, Bama a Satumba, Damasak a Nuwamba, Baga ran 3 ga Janairu, Monguno ran 25 ga wata. Hanyar Damaturu zuwa Kano kaɗai ta rage wa birnin, ita ma cikin ɗari-ɗari ake bin ta. Filin jirgin sama a rufe yake ga jiragen fasinja tun harin 2 ga Disamban 2013. Kafin wannan, an katse layukan wayar salula na tsawon watanni bayan kafa dokar ta-ɓaci ran 14 ga Mayun 2013, an kuma hana hawa babur a cikin gari tun Yulin 2011, abin da ya raba dubban 'yan acaɓa da makanikai da masu sayar da kayan gyara da abincinsu. Cikin wannan hali mutanen Borno suka saurari muhawarar da ake tafkawa a Abuja da Legas.

Gardamar gogewa

Hujjar jam'iyyar APC a taƙaice take: ƙasar da ke cikin yaƙi tana bukatar soja. Magoya bayan Janar Buhari sun riƙa tuna wa jama'a cewa a nan Maiduguri ya zauna a matsayin gwamnan soja na Jihar Arewa maso Gabas daga 1975 zuwa 1976, cewa ya riƙe ma'aikatar man fetur daga 1976 zuwa 1978, cewa kuma a 1983, yana kwamandan runduna ta uku da ke Jos, shi ya fatattaki sojojin Chadi daga tsibiran Tafkin Chadi. Sukan ƙara da yadda aka murƙushe tarzomar Maitatsine a Jimeta a 1984 lokacin yana shugaban ƙasa, da hanyoyi da asibitocin da hukumar PTF ta gyara a ƙarƙashinsa zamanin Janar Abacha. Wannan tarihi ya yi tasiri ƙwarai a garin da bai manta da rikicin Bulumkutu na 1982 ba.

Jam'iyyar PDP ta ɗauko wannan tarihi ta juya ɗaya fuskar. Ta ce mutumin da ya hamɓarar da zaɓaɓɓiyar gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ran 31 ga Disamban 1983, ya kuma ɗaure 'yan jarida da Doka ta 4 ta 1984, gogewarsa ta mulkin kama-karya ce. Ta ce Dokta Jonathan ya hau kowane mataki na mulkin farar hula, daga mataimakin gwamnan Bayelsa a 1999 zuwa gwamna a 2005, mataimakin shugaban ƙasa a 2007, shugaba a 2010. Ta lissafa ayyukansa: farfaɗo da jirgin ƙasa na Legas zuwa Kano a 2012, sababbin jami'o'in tarayya har da ta Gashuwa a Yobe, rabon taki ta wayar salula, hauhawar farashi da ta tsaya wajen kashi 8 cikin ɗari, da sabon lissafin watan Afrilun 2014 wanda ya nuna tattalin arzikin Nijeriya ya kai dala biliyan 510, watau miliyan dubu 510, mafi girma a Afirka.

Abin mamaki, ɓangaren tarihin Janar Buhari da ya fi shafar fatake bai sami wurin da ya kamata a cikin gardamar ba. A watan Afrilun 1984 gwamnatinsa ta rufe iyakokin ƙasa ta kuma canja launin takardun Naira cikin 'yan kwanaki, iyakokin ba su buɗe ba sai 1986 bayan ya bar mulki. A gabashin Jamhuriyar Nijar, inda rufewar ta haɗu da fari, har yunwar wannan shekara aka laƙaba wa suna El-Buhari. Gwamnatin ta ƙi sharuɗɗan asusun IMF, ta ƙi rage darajar Naira, ta koma cinikin ba-ni-gishiri-in-ba-ka-manda, ɗanyen mai a karɓi kaya. Wanda ya karanta wannan tarihi da idon ɗan kasuwa zai iya hango rufe iyakoki na Agustan 2019 da canjin kuɗi na 2022 tun daga nesa. Maimakon haka, an ɓata makonni cikin Janairun 2015 ana jayayya a kan takardar shaidar kammala sakandaren ɗan takarar, har sai da makarantarsa ta Katsina ta fitar da sakamakon jarrabawarsa ta 1961. Janar Buhari kuma ya ƙi halartar muhawarar talabijin, saboda haka babu ranar da aka tsayar da 'yan takarar biyu gaba da gaba aka tambaye su lissafi.

Ita ma hujjar 1983 tana da iyaka. Korar sojojin wata ƙasa daga tsibirai cikin 'yan makonni aiki ne dabam da yaƙar ƙungiyar da ke ɓoye cikin jama'a, tana karɓar haraji daga masunta da makiyaya, tana sauya salo duk damina. Tarihi kuma bai tabbatar da cewa kaki shi ke sa a iya riƙon kuɗin yaƙi ba, bai kuma ƙaryata ba. A Amurka, Janar Eisenhower ya ci zaɓen 1952 da alkawarin zuwa Koriya, aka tsagaita wuta a 1953, ya rage kasafin soja, ya kuma yi ban kwana a 1961 da gargaɗi kan ƙawancen hafsoshi da masu ƙera makamai. A nan gida, lokacin yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, Janar Gowon ne ya riƙe yaƙi, amma jakar kuɗi tana hannun farar hula, Cif Obafemi Awolowo, wanda har yau ake yaba masa da tsuke bakin aljihun gwamnati a waɗannan shekaru.

Gardamar kishin ƙasa

Nan ne zance ya fi zafi, nan ne kuma ya fi rashin amfani. A watan Fabrairun 2014 Gwamna Kashim Shettima ya faɗa wa manema labarai a fadar shugaban ƙasa cewa 'yan Boko Haram sun fi sojojin Nijeriya makamai da ƙwarin gwiwa. Wannan magana ce ta kayan aiki, wadda za a iya bincikawa a tabbatar ko a ƙaryata. Fadar shugaban ƙasa ta ɗauke ta a matsayin cin fuska ga sojoji, shi kansa Shugaba Jonathan ya ce a wata hira ta talabijin zai iya janye dakaru daga Borno na wata guda a ga ko gwamnan zai iya zama a gidan gwamnati. Daga nan duk wanda ya tambayi ina makamai sai a ce yana karya lagon sojojin ƙasarsa.

Kakakin PDP na lokacin, Olisa Metuh, ya riƙa siffanta APC da jam'iyya mai aƙidar Janjawid, ana kuma kafa hujja da sukan da Janar Buhari ya yi wa dokar ta-ɓaci a 2013. Wannan zargi ya yi rauni bayan harin bam da aka kai wa ayarin Janar ɗin a Kaduna ran 23 ga Yulin 2014. Ita ma APC ba ta bar bashi ya kwana ba. Ta ce gwamnati na barin yaƙin ya daɗe da gangan domin a hana Arewa maso Gabas zaɓe, ta kuma riƙa maimaita furucin Shugaba Jonathan na Janairun 2012 cewa masu goyon bayan ƙungiyar sun kutsa cikin gwamnatinsa. Yadda zargin ya riƙa bin inuwar jam'iyya ya fito sarai a kan tsohon gwamnan Borno, Sanata Ali Modu Sheriff. Yana cikin APC, 'yan PDP na nuna shi da yatsa. Da ya koma PDP a 2014, aka kuma gan shi a Njamena lokacin ziyarar Shugaba Jonathan cikin Satumba, sai 'yan APC suka karɓi yatsan. Shi kuwa ya sha musanta kowace irin alaƙa da ƙungiyar.

Ana cikin wannan cacar baki, amsar tambayar gwamnan tana fitowa daga barikin Maimalari. A watan Mayun 2014 sojoji suka buɗe wa motar kwamandan runduna ta 7 wuta bayan an kawo gawawwakin 'yan'uwansu da aka yi wa kwanton ɓauna. Kotun soja ta yanke wa 12 hukuncin kisa cikin Satumba, ta yanke wa wasu 54 cikin Disamba saboda ƙin fita fagen daga, su kuma hujjarsu ita ce ba a ba su kayan faɗa ba. Mai ba shugaban ƙasa shawara kan harkokin tsaro, Kanar Sambo Dasuki mai ritaya, ya ce a Landan cikin Janairun 2015 akwai matsorata a cikin rundunar. Wata shida bayan haka, ranar da ake yi masa faretin ban kwana, babban hafsan tsaro Alex Badeh ya faɗa da bakinsa cewa ya jagoranci rundunar da ba ta da isassun kayan aiki. A Disamban 2015 aka sassauta hukuncin kisan sojojin zuwa ɗaurin shekara 10.

Inda kuɗin suka bi

A kan takarda, ba a yi wa tsaro rowa ba. A kasafin 2012 da aka gabatar, an ware masa Naira biliyan 921.9 daga cikin tiriliyan 4.7, a na 2014 kuma Naira biliyan 968 daga cikin tiriliyan 4.96. Kusan Naira ɗaya ke nan a cikin kowace biyar. Sai dai wannan adadi ana raba shi ne tsakanin ma'aikatar tsaro da 'yan sanda da ma'aikatar cikin gida da ofishin mai ba da shawara kan tsaro, kaso mafi tsoka kuma albashi ne da fansho da hidimomin yau da kullum. Abin da ke saura na sayen makamai kaɗan ne. Wannan ya sa sayen manyan kayan yaƙi ya koma bin wata ƙofa ta gefe, wadda ba ta cikin kasafin da Majalisa ke tantancewa.

A watan Yulin 2014 Shugaba Jonathan ya nemi izinin ciwo bashin dala biliyan 1 daga waje domin makamai, Majalisar Dattawa ta amince cikin Satumba. A cikin watan nan na Satumba hukumomin Afirka ta Kudu suka kama tsabar kuɗi dala miliyan 9.3 a cikin wani jirgin sama na haya da ya taso daga Nijeriya, bayan 'yan makonni suka riƙe wasu dala miliyan 5.7. Gwamnati ta ce kuɗin sayen makamai ne na halal, ta kuma yi ƙorafin cewa Amurka ta hana a sayar mata da jirage masu saukar ungulu samfurin Cobra bisa dalilin take haƙƙin ɗan Adam, abin da ya tilasta mata bin dillalai. Akwai gaskiya a cikin wannan ƙorafi. Amma duk ɗan kasuwa ya san cewa cinikin da aka biya da tsaba a cikin akwati, ba rasiɗi ba banki, shi ne wanda ya fi wuyar bin kadi. A Janairun 2015 an kuma miƙa wa ofishin Kanar Dasuki kimanin dala miliyan 322 daga kuɗin Abacha da aka dawo da su, kamar yadda ministar kuɗi ta lokacin, Dokta Ngozi Okonjo-Iweala, ta tabbatar daga baya. Dokar sayen kayan gwamnati ta 2007, yadda take a wancan lokaci, ta keɓe kayan tsaro daga ƙa'idojin tallata kwangila da gasar farashi, sai fa in shugaban ƙasa ya ba da izini.

Duk wannan ya zo daidai da rushewar kasuwar mai. Gangar ɗanyen mai da ta kai wajen dala 115 a Yunin 2014 ta faɗo ƙasa da dala 50 a Janairun 2015. Babban Bankin Nijeriya ya rage darajar Naira daga 155 zuwa 168 a kan dala cikin Nuwamba, ya ɗaga kuɗin ruwa zuwa kashi 13 cikin ɗari, kafin ƙarshen Fabrairu kuma dala ta kusa Naira 200. Asusun rarar kuɗin mai ya ragu zuwa wajen dala biliyan 2. A watan Mayun 2015 ministar kuɗi ta bayyana cewa an riga an ci bashin Naira biliyan 473 a farkon shekarar domin biyan albashi da hidimomi. APC ta yi ta yayata zargin da Malam Sanusi Lamido Sanusi ya yi, yana gwamnan Babban Banki, na dala biliyan 20 da kamfanin NNPC bai shigar ba, wanda bayansa aka dakatar da shi a Fabrairun 2014. Amma ita ma ta yi alkawuran ciyar da 'yan makaranta da ba marasa galihu Naira 5,000 a wata ba tare da ta fayyace daga ina za a samo kuɗin ba, ga yaƙi, ga faɗuwar mai.

Ran 7 ga Fabrairu hukumar zaɓe ta ɗage zaɓen daga 14 ga Fabrairu zuwa 28 ga Maris, bayan hafsoshi sun ce ba za su iya ba da tsaro ba. Cikin makonnin nan shida aka ƙwato Monguno da Baga da Bama, aka shiga Gwoza ana gobe zaɓe, sojojin Chadi kuma suka kori 'yan tawaye daga Dikwa. Sababbin motocin sulke sun iso, an kuma ɗauko sojojin haya daga Afirka ta Kudu. PDP ta ce ga shaidar cewa kuɗin sun yi aiki. APC ta tambaya me ya hana a yi a shekara shida abin da aka yi a mako shida. Duka biyun suna da abin kamawa, domin abin da makonnin suka nuna shi ne da zarar kaya ya isa hannun soja, taswirar yaƙin takan sauya nan da nan. Mutanen Borno, da yawansu a sansanonin gudun hijira suka jefa ƙuri'a, sun ba Janar Buhari 473,543, Shugaba Jonathan 25,640. A ƙasa baki ɗaya sakamakon ya kasance 15,424,921 da 12,853,162.

Bayan rantsuwa

Sabuwar gwamnati ta fara da abin da ta yi alkawari. An dawo da cibiyar ba da umarnin yaƙi Maiduguri, aka naɗa 'yan asalin jihar biyu, Janar Tukur Buratai da Janar Babagana Monguno, a muƙaman hafsan mayaƙan ƙasa da mai ba da shawara kan tsaro. Jiragen fasinja suka dawo a tsakiyar 2015. An buɗe hanyar Damboa zuwa Biu a Fabrairun 2016, ta Dikwa zuwa Gamboru a Yuli, ta Baga da ta Damasak a Disamba, ta Bama zuwa Banki a Maris ɗin 2018. Wannan ci gaba ne na zahiri, wanda duk direban da ya taɓa kwana a tasha yana jiran labarin hanya ya san darajarsa, ko da yake yawancin tafiyar sai da rakiyar soja.

Kwamitin binciken sayen makamai da aka kafa a Agustan 2015 ya ba da rahoton wucin gadi cikin Nuwamba, inda ya ce daga 2007 zuwa 2015 an fitar da Naira biliyan 643.8 da kimanin dala biliyan 2.2 a wajen kasafi da sunan tsaro, ya kuma yi zargin an biya kuɗin jiragen yaƙi huɗu da masu saukar ungulu 12 da ba a kawo ba. Kanar Dasuki ya musanta. An tsare shi daga Disamban 2015 zuwa Disamban 2019, duk da belin da kotuna suka yi ta bayarwa da hukuncin kotun ECOWAS na 2016 cewa tsarewar ta saɓa wa doka. An ɗaure Mista Metuh a Fabrairun 2020 kan Naira miliyan 400 da aka ce sun fito daga ofishin tsaro, kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin a Disamban shekarar ta ce a sake shari'a. An kama mutane, an ƙwato wasu kuɗi, amma ƙofar gefen nan ba a toshe ta ba.

A Disamban 2017 gwamnoni suka amince a cire dala biliyan 1 daga asusun rarar mai domin yaƙin, shekara biyu cif bayan Shugaba Buhari ya ce an riga an karya lagon ƙungiyar. Daga ciki an biya Amurka dala miliyan 496 kuɗin jirage 12 samfurin Super Tucano kafin Majalisa ta amince, jiragen kuma ba su iso ba sai 2021. Sai jam'iyyun suka yi musayar baki. PDP ta ce kuɗin kamfen ɗin 2019 ne, APC ta ce masu wannan magana ba su damu da rayukan sojoji ba. Bayan harin Metele na Nuwamban 2018, inda sojoji da dama suka halaka, Alhaji Atiku Abubakar ya yi ta tambayar ina makamai, tambayar da APC ta ci zaɓe da ita shekara huɗu kafin nan. A muhawarar 19 ga Janairun 2019 Shugaba Buhari bai je ba, Alhaji Atiku ya isa zauren ya juya. A Maris ɗin 2021 Janar Monguno da kansa ya shaida wa sashen Hausa na BBC cewa sababbin hafsoshi ba su ga makaman da aka ba da kuɗinsu ba, daga baya ofishinsa ya ce ba a fahimci maganarsa daidai ba. Ƙungiyar Transparency International ta ƙiyasta a 2018 cewa kuɗin tsaro na musamman da shugabanni ke kashewa ba tare da bincike ba sun kai dala miliyan 670 a shekara.

Har ila yau, dabarun yaƙin kansu sun ci kasuwa. Domin toshe wa 'yan tawaye kafar samun kuɗi, gwamnatin jiha ta dakatar da ciniki a kasuwannin shanu huɗu a Maris ɗin 2016, cikinsu har da ta Gamboru, sojoji suka hana safarar kifin tafki na tsawon lokaci, aka taƙaita sayar da takin yuriya da man fetur a jarka. Iyakokin da aka rufe a Agustan 2019, da aka tashi buɗe huɗun farko a Disamban 2020, watau Seme da Illela da Maigatari da Mfum, babu ta Borno a ciki. Kisan matafiya a Auno cikin Fabrairun 2020 da na manoman shinkafa na Zabarmari cikin Nuwamba sun nuna hanya da gona ba su gama zama lafiya ba. A Janairun 2021 aka tarwatsa turakun wutar lantarki na hanyar Damaturu, birnin ya shafe kusan shekara a kan janareta, har sai da aka gina masa tashar gas mai megawat 50 da aka buɗe a Maris ɗin 2023. Ƙididdigar da Gwamnatin Tarayya da Bankin Duniya da Tarayyar Turai da Majalisar Ɗinkin Duniya suka yi a 2016 ta sa ɓarnar da aka yi wa Borno kaɗai a kan dala biliyan 5.9.

Lissafi da dala

A 2023 gardamar gogewa ta dawo da sababbin fuskoki: Asiwaju Bola Tinubu da harajin Legas, Alhaji Atiku da shekara takwas na mataimakin shugaba, Mista Peter Obi da tsimin Anambra, Sanata Rabi'u Kwankwaso da kujerar ministan tsaro ta 2003 zuwa 2007. Sanata Shettima, wanda ya karanta tattalin arzikin noma ya kuma yi aikin banki kafin ya zama kwamishinan kuɗi da gwamna, ya shaida wa taron lauyoyi a Agustan 2022 cewa shi zai kula da tsaro, maigidansa ya kula da tattalin arziki. Shi ne ɗan Borno na biyu da ya tsaya a wannan matsayi a babbar jam'iyya aka kuma yi rinjaye, bayan Ambasada Babagana Kingibe a zaɓen 12 ga Yunin 1993 da aka soke. Washegarin zaɓen, ran 26 ga Fabrairu, gobara ta cinye kasuwar Monday Market.

Alƙaluman da 'yan siyasa ke ambata da Naira suna iya ruɗar mai sauraro, domin makamai daga waje ake sayo su, da dala kuma ake biya. Naira biliyan 968 na 2014, a kan canjin Naira 160 da aka gina kasafin a kai, sun kama dala biliyan 6, kwatankwacin ɓarnar da aka ƙiyasta wa Borno. A daftarin kasafin 2025 da aka gabatar cikin Disamban 2024, an ware wa tsaro Naira tiriliyan 4.91 daga cikin tiriliyan 47.9. Da Naira ya ninka na 2014 sau biyar, amma a kan canjin Naira 1,500 na wannan daftari bai wuce dala biliyan 3.3 ba, watau kaɗan ya ɗara rabi, kasonsa a cikin kasafi kuma ya sauko daga kusan kashi 20 zuwa kashi 10 cikin ɗari. Dalilin yana wani layi na daftarin. Bashin da ake bin ƙasa ya tashi daga Naira tiriliyan 12.1 a Yunin 2015 zuwa tiriliyan 87.4 a Yunin 2023, saboda haka aka ware wa biyan bashi Naira tiriliyan 15.81, fiye da ninki uku na kuɗin tsaro. Gwamnatin da ke cin bashi haka a cikin gida tana gogayya ne da ɗan kasuwa a ƙofar banki, kuɗin ruwan Babban Banki kuwa ya kai kashi 27.5 cikin ɗari a Nuwamban 2024. Mai fataucin wake a Maiduguri yana biyan kuɗin yaƙin a shingen hanya da kuɗin mota, yana kuma sake biya a wajen manajan banki.

Wata huɗu bayan gabatar da wannan daftari, cikin Afrilun 2025, Gwamna Babagana Umara Zulum ya shaida wa kwamandojin soja da sarakuna a wani taron tsaro a Maiduguri cewa hare-hare sun dawo kusan kullum, an tarwatsa sansanonin soja a Wulgo da Sabon Gari da Wajiroko, jihar kuma tana neman komawa baya. Wannan karo gwamnan da shugaban ƙasa jam'iyyarsu ɗaya, mataimakin shugaban ƙasa kuma shi ne gwamnan da ya kai irin wannan kuka Abuja a Fabrairun 2014.